Kasuwa da Hanya: Yatsa Ba Ya Gane Man Inji

Unguwar Zongo ta birnin Yamai daga fatake ta samo sunanta. Nan ne ayari yake yada zango, a sauke wa jakuna mangala, a durƙusar da raƙuma, baƙo ya nemi mai masauki, a yi ciniki, a kwana biyu a ƙara gaba. Mutanen wancan zamani sun san dabbar hanya ƙwarai da gaske. Madugu yakan buɗe bakin raƙumi ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya dubi ƙafafu, amma duk da haka ba ya yanke hukunci a zango, domin raƙumin da ya ƙoshi ya sha ruwa, kowanne kyakkyawa ne da safe. Sai an yi kwana uku cikin rairayi ake sanin na ƙwarai.

Yau dabbar hanya ta zama mota, kuma jikokin fataken nan suna nan a Zongo da kewayenta, daga bakin Babbar Kasuwa har zuwa Katako, wasu suna sayar da kayan mota, wasu suna saye. Sai dai akwai wata al'ada da ta zauna daram a wurin cinikin man inji, wadda madugu ba zai yarda da ita ba. Mai saye yakan tsoma yatsa cikin mai, ya murza shi da babban yatsa, ya buɗe su a hankali ya ga ko zai ja zare. Idan ya yi kauri kamar zuma, sai fuska ta saki, a ce wannan shi ne mai, shi zai iya da zafin ƙasar nan. Idan kuwa ya zubo ruwa-ruwa, sai a ture galan gefe, a ce na ƙasar Turawa ne, ko da kuwa shi ya fi tsada a kantin. Alhaji mai motar kaya haka yake yi, ma'aikacin gwamnati da ya ci bashin banki ya sayi mota ƴar Kwatano shi ma haka yake yi, ko kuwa ya bar wa yaron garaji ya yi masa. Wannan shi ne duba raƙumi da safe a zango.

Dalili kuwa shi ne, kaurin da yatsa yake ji kaurin mai ne a inuwar kanti, wato a digiri 35 ko 40 na awon zafi. Inji ba a wannan zafi yake aiki ba. Mai a cikin tukunyarsa yakan kai digiri 90 zuwa 110, a jikin fistan da zobbansa kuwa ya wuce haka nesa. Kowane mai yana tsinkewa idan ya ji wuta, kamar yadda man shanu yake narkewa a kasko. Abin tambaya shi ne, yaya zai tsinke, kuma me zai rage tsakanin ƙarfe da ƙarfe bayan ya tsinke?

Lambobin da ke jikin galan amsar wannan tambaya ce. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta SAE, ita ta fara rarraba mai bisa kauri tun 1911. Lamba ta biyu, wato 30 ko 40 ko 50, tana faɗin kaurin mai ne a digiri 100. Ana awon da wani ma'auni da ake kira santistok, wanda a kansa ruwan sha yake da kamar 1. Mai lamba 30 dole ya tsaya tsakanin 9,3 da 12,5. Mai lamba 40 tsakanin 12,5 da 16,3. Mai lamba 50 tsakanin 16,3 da 21,9. To, ga inda yatsa yake yaudarar mai shi. Tsohon mai da aka rubuta wa SAE 40 kawai, a digiri 40 kaurinsa wajen 140 ne. Man haɗi mai lamba 5W-40, a wannan zafi wajen 85 ne, don haka yatsa sai ya ce na farko ya kusa ninka na biyu. Amma da inji ya ɗauki zafi, dukansu biyu wajen 14 suke komawa. Ashe wanda aka raina bai fi ɗan'uwansa tsinkewa a wurin aiki ba. Abin da ya yi shi ne, bai daskare sa'ad da inji yake sanyi ba, ya kuwa riga shi isa saman inji da safe, lokacin da ƙarfe yake gugar ƙarfe kafin mai ya zagaya.

Lamba ta farko mai harafin W maganar hunturu ce. Mai 5W ana jarraba shi a digiri 30 ƙasa da sifiri, mai 15W a digiri 20 ƙasa da sifiri. Mutumin Yamai, inda sanyin Janairu da asuba yake tsayawa wajen digiri 15, ba shi da babbar damuwa da wannan, sai fa mai zuwa Bilma ko duwatsun Ayar, inda dare yakan kusanci sifiri.

Masana suna da suna ga wannan hali na riƙe kauri tsakanin sanyi da zafi. A 1929 wasu masu bincike biyu na Amurka, Dean da Davis, suka ƙirƙiro masa ma'auni: suka ba man jihar Fensilbaniya 100 saboda ya fi jurewa, suka ba na gaɓar tekun Meziko sifiri. Man da aka tace daga ɗanyen mai ta hanyar da aka saba yana tsayawa kusa da 100. Domin a ƙara masa juriya, sai aka fara zuba masa wani sinadari mai kama da dogon zare. Idan mai yana sanyi, zaren yakan dunƙule, bai tare komai ba. Idan zafi ya zo sai ya warware, ya riƙe man kada ya tsinke da sauri. Da wannan dabara ce aka samu mai mai lamba biyu, irin su 15W-40 da 20W-50.

Dabarar tana da rauni guda, kuma a nan ne mai arha da mai tsada suke rabuwa. Zaren nan yana bi ta matsatsin da bai kai kaurin gashin kai ba, tsakanin ƙarfe mai juyawa da matashinsa, sau dubbai a kowane minti. Idan zaren ba mai ƙwari ba ne, sai ya yi ta guntulewa kamar an sa masa almakashi, kuma wanda ya guntule ba ya sake haɗuwa. Mai da ya shiga inji yana lamba 50 sai ya koma 40 bayan ƴan dubban kilomita, mai lamba 40 ya koma 30. Duk uwargida ta san kunun da aka dama da kauri da safe, kafin azahar ya tsinke ya zama ruwa. Ga kuma esansi ko gazuwal da ke tsiyaya ta gefen zobba yana ƙara tsinka shi, musamman a motar da ba ta dogon zango, daga gida sai ofis, daga ofis sai gida. Ta ɗaya gefen kuwa zafi da toka suna dafa shi har ya yi kauri irin na cuta, ya zama baƙin taɓo mai toshe hanyoyi. Masu sana'ar suna da ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Mai karatu ya tuna da watan Afrilu a Yamai, rana tana digiri 42 ko fiye, mota tana tsaye cikin cunkoso a bakin gadar Kennedy, na'urar sanyi tana aiki.

Man haɗi, wanda ake kira santetik, an yi shi ne don maganin wannan. Maimakon a tace ɗanyen mai a ɗauki abin da ya fito, babba da ƙarami a gauraye, sai a gina ƙwayoyinsa a masana'anta su fito kusan kai ɗaya. Irin wannan mai da kansa yake riƙe kauri, ma'auninsa yana kai 130 ko fiye, don haka zaren da yake bukata kaɗan ne, abin da zai guntule ma kaɗan ne. Ba ya saurin ƙonewa, ba ya saurin tashi ya bi iska. Jamusawa sun yi aiki da shi a yaƙin duniya na biyu, daga baya jiragen sama masu injin jet suka dogara da shi. Ya shigo motoci ta ƙofar tsere: kamfanin Motul na Faransa ya fitar da 300V a 1971, Mobil 1 kuma ya fito a Amurka a 1974.

Mutanen Nijar ba baƙin motocin tsere ba ne. Gasar Paris zuwa Dakar ta ratsa Agadas da Yamai tun zagayenta na farko a 1979, kuma a Janairun 2000 daga filin jirgin saman Yamai aka kwashi motocin gasar cikin manyan jirage zuwa Libiya. Yaran da suka ga tambarin kamfanonin mai a jikin motocin nan su ne magidantan yau, wasunsu kuwa har yanzu suna ganin man tsere shi ne sarkin mai. Gaskiya ne yana jure wuta. Amma motar tsere makanikai ne suke kwana a kanta a kowane zango, ba a bar mata mai wata shida ba, saboda haka man da aka yi don tsere zalla sau da yawa sinadarin wankinsa bai kai na motar yau da kullum ba. Wanda zai zuba shi a motar kai yara makaranta ya sayi doki ne don aikin jaki.

Inda man haɗi yake zama tilas shi ne injin zamani mai turbo. Irinsa ya cika gari yanzu: katkat na ma'aikatu da na manyan ƴan kasuwa, Land Cruiser mai V8 na gazuwal da ya fito a 2007, da wanda ya gaje shi a 2021 mai V6, da Hilux, da ƙananan motocin Turai masu ƙaramin inji da ƙarfin tsiya. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100.000 a minti, hayaƙin da ke tura ta yana haura digiri 700, kuma man inji ɗin nan dai shi ne yake shafa ta, shi ne yake sanyaya ta. Mai maras juriya yakan ƙone a nan ya zama gawayi, ya toshe ƴar siririyar hanyar da ke kai mata mai. Ga shi kuma injunan yanzu da matsin mai suke sarrafa lokacin buɗe bawul, ta ramuka ƙanana ƙwarai. Injin da littafinsa ya ce 5W-30 ko 0W-20, idan aka ɗura masa 20W-50 wai don zafin Sahel, ba gata aka yi masa ba. Man zai yi nauyin zagayawa, inji ya ƙara zafi, ya ƙara shan esansi. Littattafan motoci da yawa suna da shafin da ya nuna lambar da ta dace da ƙasashe masu zafi, kuma sau da yawa mataki ɗaya ne sama, ba uku ba.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Tsohuwar Pijo 504, ko Marsandi ta gazuwal da ta ga jiya ta ga yau, ko takisin da injinsa ya saki, waɗannan ba su bukatar santetik mai tsada. Mai 15W-40 ko 20W-50 na gaskiya, ana juye shi a kan lokaci, ya ishe su har da ragowa. A nan makanikan Zongo suna da gaskiya, don a kan waɗannan injuna suka koyi aiki. Kuskuren shi ne auna sabuwar mota da mudun tsohuwa.

Ko kalmar santetik ɗin ma tana bukatar lura. A 1999 an yi jayayya a Amurka tsakanin Mobil da Castrol, aka yanke cewa man da aka tace daga ɗanyen mai da matsanancin matsi da iskar haidirojin shi ma ana iya kiransa santetik. Tun daga nan galan da yawa masu ɗauke da wannan suna daga wannan rukuni suke. Ba mugun mai ba ne, yana da kyau ƙwarai, amma shi ya sa mai karanta Faransanci zai ga wani an rubuta «100% synthèse», wani «technologie de synthèse», wani «semi-synthèse», kuma farashinsu ba ɗaya ba.

Duk wannan maganar kauri ce, alhali kuwa kauri rabin labari ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin galan ba gundarin mai ba ne, mahaɗi ne, kuma babu ko ɗaya cikinsu da yatsa yake ji ko ido yake gani. Akwai na tutiya da fosfor, wanda ake kira ZDDP, da aka fara aiki da shi cikin shekarun 1940: idan man ya kuɓuce daga tsakanin ƙarfe biyu, shi yake shimfiɗa wata ƴar fata a kansu, ta cinye maimakon ƙarfen ya cinye. An rage yawansa a man motocin esansi na zamani, har ƙa'idar 2004 ta tsayar da fosfor a 0,08 cikin ɗari ga mai marasa kauri, domin yana lalata tukunyar tace hayaƙi. Akwai na wanki, mai ɗauke da kalsiyom ko magneziyom, wanda yake kashe tsamin da ƙonewar mai take haifarwa, kamar yadda kanwa take kashe tsami a tukunya. Akwai mai riƙe toka ta yi ta yawo cikin mai kada ta kwanta. Akwai mai hana kumfa, da mai hana tsatsa, da mai jinkirta dahuwa.

Daga nan za a gane wani kuskure kuma. Direba yakan zaro sandar awo ya ga mai ya yi baƙi bayan sati biyu, sai ya ce an cuce shi. A injin gazuwal baƙin nan alama ce cewa man ya kwashi toka ya riƙe, wato yana aikinsa. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne man da ya yi kilomita 3.000 a tsohon injin gazuwal yana nan garau kamar man gyaɗa. Tokar ba ɓacewa ta yi ba. Tana can ta kwanta inda ba a gani.

Mahaɗin nan ƙarewa yake yi, kuma a ƙasashen nan ya fi saurin ƙarewa. Farar wutar da ke cikin gazuwal ita ce take zama tsami. Turai ta tsayar da ita a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwis ta auna gazuwal a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Benin da Mali, ta samu wanda ya ninka na Turai sau 378. A 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince da kashi 50 cikin miliyan, amma mai sayen mai a kwalba a bakin hanya ba takardar awo ake ba shi ba. Ga ƙurar hunturu, wadda idan ta sami filtir ɗin iska a yage takan shiga mai ta mayar da shi sandfefa. Saboda haka alkawarin kilomita 20.000 ko 30.000 tsakanin bidanji da bidanji, wato juyen mai, wanda aka rubuta wa motar tana Faransa ko Beljiyam, bai biyo ta cikin jirgin ruwa ba. Masu ƙera motocin da kansu sun ware abin da suke kira aiki mai tsanani, wato ƙura da zafi da gajeren zango, galibi kuma rabin zangon suke bayarwa. Yamai ta haɗa ukun duka.

Saura maganar amana, wadda ta fi shafar ƴan kasuwa. Matatar SORAZ ta Damagaram, da ta fara aiki a Nuwamban 2011, esansi da gazuwal da gas take fitarwa, man inji ba ya cikin kayanta. Daga waje yake zuwa, ta tashoshin jiragen ruwa da ta Nijeriya, yana bi ta hannaye da yawa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta sa kayan waje suka yi tsadar da talaka bai manta ba, kuma sayen mai litir-litir daga duro ya zame wa mutane da yawa mafita. Ba duk man duro ne mugu ba. Manyan garaji ma da duro suke saye. Amma duron da ba shi da suna ba shi da mai amsa tambaya. Cikinsa yana iya zama gundarin mai tsura, ba mahaɗi ko ɗigo, ko kuma tsohon mai da aka tace aka gyara masa launi. Irin wannan shi ya fi kowane mai cin jarrabawar yatsa, don kauri ne abu mafi arha da ake iya ƙara wa mai. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya ta sha kama irinsa, wani ma cikin galan mai tambarin babban kamfani. Haka kuma ƴan gwangwanayen nan masu kama da zuma da ake ƙarawa a inji: yawancinsu zaren kauri ne zalla. Suna rage hayaƙi da ƙara na ɗan lokaci, shi ya sa wasu dillalan mota suke son su ana jibi ciniki.

Ɗan kasuwar da yake son ya san abin da yake sayarwa, da mai motar da yake son ya san abin da yake saye, su juya galan su karanta bayansa. Bayan lambar SAE akwai haruffan API. Na esansi suna farawa da S, kuma gwargwadon nisan harafi na biyu gwargwadon sabuntar ƙa'idar: SL ta 2001 ce, SN ta 2010, SP ta 2020. Mai SA kuwa ba shi da mahaɗi, masu ƙa'idar da kansu sun ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Na gazuwal suna farawa da C, irin su CH-4 da CI-4. Motocin Turai suna bin haruffan ACEA, kuma a nan galan biyu suna iya zama 5W-30 dukansu, ɗaya A3/B4 ɗaya A5/B5, alhali na farkon ya fi riƙe kauri a jarrabawar digiri 150, kuma injin da aka yi don ɗaya ba lalle ya so ɗayan ba. Mai babur kuma ya nemi JASO MA, ƙa'idar Japanawa ta 1998, domin a babur mai ɗaya ne yake shafa inji da giya da kuloci, man mota mai santsi da yawa kuwa yana sa kuloci zamewa.

Mai mota ya tsaya a ɓalle hatimin galan a gabansa, a canza filtir tare da mai, a rubuta kilomita da kwanan wata a ƴar takarda a liƙa a bakin ƙofa. Idan ya dawo daga Dosso ko Tilaberi da gudu a motar turbo, ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ya kashe. Galan ɗin da ya ƙare kuwa, yaron garaji zai roƙe shi, don akwai masu sayensa da kuɗi idan tambarinsa bai goge ba kuma murfinsa yana nan. A ba yaron tukuicinsa daban, a huda gindin galan da ƙusa kafin a bar wurin.